Akwatin sufana na farko: abin da za ka saya da wanda za ka bari a shago

Makon da ya wuce ɗan yayata ya turo min hoto a WhatsApp, wani jan akwati ne mai hawa uku cike da ƙarafa sai sheƙi suke, an rubuta guda 200 da ɗoriya a jikin murfin, ya ce "Kawu in ɗauka? Sun yi rangwame." Yaron bai fi wata biyu da yin mota ba, Corolla ce ta hannu, kuma yana da zuciyar son taɓa abinsa da kansa, abin da ya burge ni kenan. Na ce masa dakata tukuna kar ka biya, ka zo gida bayan isha'i. Abin da muka tattauna a daren nan shi zan zayyana, don na san 'yan uwa da yawa a nan Jidda da Makka da Madina suna son su daina kai mota warsha, wato garejin makanikai, saboda ɗan abin da bai kai ya kawo ba, amma sun rasa ta inda za su fara.

Maganata guda ɗaya ce, motarka ita za ta faɗa maka abin da za ka saya, ba mai shago ba. Irin wancan akwatin in ka zauna ka ƙirga, fiye da rabi ƙananan kawunan sukundireba ne da alanki da soket na inci waɗanda har ka sayar da motar ba za ka taɓa su ba, kuma kuɗin da aka kashe wajen cika lissafi an rage shi ne daga ingancin ƙarfe. Sannan tun yanzu in faɗa, ina maganar motarka ce ta gida, ba gyara wa mutane a bakin titi don kuɗi ba, wannan yana buƙatar lasisi kuma ya shafi sana'ar da ke rubuce a iƙamarka, wato katin izinin zamanka.

Mataki na farko: buɗe bonet kafin ka buɗe aljihu

Ɗauki takarda ka rubuta ayyukan da da gaske za ka yi a shekarar farko. Ga yawancinmu ba su wuce canza taya, canza baƙin mai da filta wanda a nan ake ce wa saifon, filtar iska da ta AC, batir, fulogi, ƙwan fitila, fis, in hannu ya faɗa sai fahmat na birki, wato birki-fad. Shi kenan. Giya da cikin inji da gas na AC ka bar wa masu shi.

Daga nan sai ka duba ƙasar da ta ƙera motar. Motocin Japan da na Koriya, su Toyota, Nissan, Honda, Hyundai, Kia, kawunan notinsu kusan kullum 8 ne, 10, 12, 14, 17, 19 da 21 na milimita. In ka ga 13 a jikin Toyota to galibi wani ne ya canza notin asali. Su kuwa na Jamus 13 ya fi yawa, da 16 da 18, ga kuma kusoshi masu ramin tauraro da ake kira Torx ko'ina. Na Amurka sababbi, GMC da Ford da Chevrolet, su ma yawanci milimita ne yanzu, sai tsofaffi sosai ne ke neman inci. Ka ga ke nan mai Corolla ba shi da abin yi da jerin soket na inci. Kuma hatsarinsu shi ne wasu suna kama da juna, rabin inci milimita 12.7 ne, in ka ɗora shi kan noti 12 zai zauna kamar ya yi, kana ja sai ya murje kafaɗun.

Mataki na biyu: soket da rachet, nan ne zuciyar akwatin

A shagunan Sina'iyya, unguwar makanikai da masu sayar da kayan mota, in ka ce "taƙam hubub" za su gane soket kake nufi. Girman bakin da soket ke shiga jikin rachet iri uku ne, 1/4 da 3/8 da 1/2 na inci. Ƙaramin na cikin dashbod ne da ƙananan kusoshi, babban na taya ne da ƙasan mota, na tsakiyan kuwa shi ke yin mafi yawan aikin cikin bonet. In kuɗinka set ɗaya za su iya, ɗauki 3/8 mai soket daga 8 zuwa 19 ba tsallake. Ka duba da kyau, wasu set ɗin suna tsallake lamba su cike gurbin da wadda ba a nema.

Yanzu ga inda nake so ka natsu. Leƙa cikin soket ɗin. Akwai mai kusurwa 6, akwai mai kusurwa 12. Mai 6 yana rungumar gefen noti ne gaba ɗaya, mai 12 kuwa a kan tsinin kusurwa yake kamawa, yana da sauƙin shiga amma in noti ya yi tsatsa ko an ɗaure shi da mugun ƙarfi shi ne ke fara murje shi. Mu da ke bakin teku, raɓa da gishirin Jidda ba sa barin ƙarfe lafiya, mai 6 za ka saya, kar ka bari a ce maka duk ɗaya ne.

Ni a jikina na koyi wannan. Shekarun baya ina da wata Camry, ranar da na fara cewa zan canza mai da kaina ba ni da soket 14 na kirki, sai na sa shifta a kan notin zubar da mai, wanda ake kira surra. Na ja sau ɗaya ta zame, na ƙara matse ta na sake ja, ta sake zamewa, kafin in ankara kan notin ya koma kamar ƙwallo, ga fatar yatsuna biyu ta saɓule a jikin ƙarfe. Haka na sauke motar na tuƙa zuwa Sina'iyya wajen wani dattijo ɗan garinmu da ya daɗe a aikin. Ya kwanta ya haska tocila, ya jima yana kallo, sannan ya ce "Ɗana, da me ka taɓa wannan?" Na ce Baba da shifta. Ya ce shifta ta aikin famfo ce, kar in sake kusantar inji da ita. Sai da ya buga wani soket da ya fi ƙanƙanta da guduma ya shige a dole kafin notin ya motsa, na sayi sabo, rabin yini ya tafi. Har yau in na ga yaro ya nufi inji da shifta sai na tsayar da shi.

Shi rachet ka nemi mai haƙori 72. Ma'anarsa ko digiri 5 kawai ka samu na motsa hannu zai kama, kuma injinan yanzu a cushe suke, wani wurin da ƙyar hannu ke shiga. Ka haɗa da sandar ƙari biyu, gajera da doguwa, da gwiwa ɗaya mai lanƙwasa, da dogayen soket na 10 da 12 da 14 saboda notin da ƙarfen zarensa ya fito waje. Kuma ka sayi soket 10 guda biyu, shi ne ya fi aiki, batir da murfin filtar iska da koyil duk shi ne, shi ne kuma ya fi faɗawa cikin inji ya ɓace.

Na taya daban ne. Sayi doguwar sanda mai baki 1/2 marar haƙori, mai tsawon kamar santimita 45 zuwa 60, da dogon soket guda ɗaya daidai notin tayarka. Yawancin ƙananan Toyota da Hyundai 21 ne, Honda 19, amma ka gwada taka. Dalili kuwa, a banshar, wato wajen masu faci, da bindigar iska suke ɗaure taya, wani lokacin ɗan wilsufanan da ya zo da mota ko ka hau kansa da ƙafa ba zai kwance ba, kuma ba a tsakar rana a hanyar Makka ya kamata ka gano haka ba. Kar ka taɓa zura bututu a hannun rachet don ƙarin ƙarfi, haƙoran ciki ne za su zube.

Mataki na uku: sufana da sauran 'yan hannu

Sufana ka ɗauki kombineshin, wato gefe ɗaya buɗaɗɗe ɗaya zobe, daga 8 zuwa 19. Da zoben ake karya ƙarfin noti, buɗaɗɗen na saurin juyawa ne bayan ya saki. Kuma ka riƙa jawowa wajenka maimakon turawa, in ya zame hannunka ba zai daki ƙarfe ba.

Sukundireba huɗu sun isa, mai faɗi babba da ƙarami, mai kuros babba da ƙarami, in so samu ne ka ƙara ɗan guntu ɗaya na lungu. Wanda aka rubuta PH2 shi ne zai fi shan aiki. Filaya uku, ta gama-gari wadda Larabawa ke ce wa zarradiyya, mai dogon baki, da mai kullewa wadda in ta cije ba ta saki. Guduma ɗaya matsakaiciya. Ɗan abin roba na ciro maɓallan bamba da murfin ƙasa, yana da arha kuma zai hana ka karya su da sukundireba, don zafin ƙasar nan yana busar da roba ta zama kamar ƙanzo. Alanki da Torx in motar Jamus ce dole, in ta Japan ce za su iya jira.

Mataki na huɗu: jak da ƙafafun tokare

Nan ba na sassautawa ko kaɗan, ko da za ka fasa sayen rabin abin da na lissafa a sama. Jak ɗin da ya zo a but, na canza taya ne kawai a bakin hanya, ba a shiga ƙarƙashin mota da shi. Shi ma babban mai taya, wanda ake kira ifrita timsa, aikinsa ɗagawa ne ba riƙewa ba, abin da ke tare nauyin motar a cikinsa mai ne da 'yar robar da ba ta fi zobe ba, ranar da ta gaji ba sallama za ta yi maka ba. Don haka dole ka sayi ƙafafun tokare na ƙarfe guda biyu, ka ɗaga, ka sa su a wurin da littafin motar ya nuna, ka sauke motar a hankali ta zauna a kansu, ka girgiza ta da hannu biyu, sannan ka kwanta. Ga ƙaramar mota jak mai tan 2 ya wadatar, Hilux ko Land Cruiser kuwa tan 3, kuma ka duba iya tsayin da yake kaiwa don wani zai ƙure tayar ba ta bar ƙasa ba.

Ba bulo. Don Allah ba bulo. Bulon siminti ba ya lanƙwasa ya ba ka alama, fashewa yake lokaci guda. Kuma abu biyu da suka shafe mu a nan, na ɗaya kwalta tana laushi da zafin rana, ƙafar tokare tana iya nutsewa ta karkace, ka shimfiɗa katako mai kauri a ƙasa ko ka nemi daɓen siminti. Na biyu 'yan uwanmu na Makka, unguwanni da yawa kan dutse suke, titin gida gangare ne, kar ka ɗaga mota a gangare ko da kaɗan ne, gara ka tuƙa ka nemi fili miƙaƙƙe. Ja hambirki, sa giya a P, ka tokare tayar da ke ƙasa gaba da baya, tayar da ka cire kuma ka tura ta kwance ƙarƙashin gefen motar, in wani abu ya faru ita za ta fara tarewa.

Mataki na biyar: sufanar auna ɗauri

Wannan mutane ke rainawa, a shago ana ce mata mifta azm. Kana saita lamba a hannunta, in ɗaurin ya kai sai ta yi ƙas, ka tsaya. Sabon hannu ba ya kasa ɗaurewa, wuce gona da iri yake yi, kuma injinan yanzu alminiyom ne, zarensu ba ya jure wa ƙarfin tuwo. Notin tayar Corolla da Camry 103 Nm ne, Nm ɗin shi ne ma'aunin ƙarfin ɗauri, na Honda ƙanana 108, surrar mai kuwa a kusa da 40 take, ka duba littafin motarka ka rubuta lambobin a cikin murfin akwati. Mai baki 1/2 wadda ke kamawa daga wajen 40 zuwa 200 za ta yi maka taya da birki. Ba a kwance noti da ita, ba a jefar da ita, kuma in ka gama ka mayar da ita lamba mafi ƙasa don sifirin ciki ya huta.

Mataki na shida: ƙananan da ba sufana ba amma kullum ana nemansu

Na canza mai, faranti mai ɗaukar aƙalla lita 6, mazurari, tsumma, safar hannu, da abin kwance filta. Kafin ka sayi wannan na ƙarshe ka leƙa ka ga irin filtarka, akwai ta gwangwani da ake murɗewa gaba ɗaya, akwai kuma ta takarda a cikin kofi irin ta Toyota da yawa, ita tana da nata murfin na musamman mai milimita 64, in ka kama kofin da filaya za ka fasa shi. Wanshar surra sabuwa kowane canji. Tsohon mai ka juye a jarka ka kai wa masu canza mai, kar ka zuba a kwata ko gindin bishiya, ɓarna ce kuma baladiyya, wato hukumar gari, na cin tara.

Soket na fulogi mai roba ko maganaɗisu a ciki, 16 ne a motoci da yawa, 14 a wasu sababbi. Inji ya huce sarai kafin ka taɓa, kuma da yatsu ake fara ɗaura fulogi, sai ya tafi sumul sannan rachet.

Mitar lantarki 'yar ƙarama, wallahi tana biyan kuɗinta a wata ɗaya. Zafi ne ke kashe batir a ƙasar nan, kuma ba ya ba da dogon gargaɗi. Mota a kashe, lafiyayyen batir zai nuna wajen 12.6, in ka ga 12.2 ya sauka rabi, in inji na aiki kuma ya kamata ka ga tsakanin 13.5 da 14.5, in bai kai ba to dinamo ne abin zargi ba batir ba. In za ka cire batir, kan nagatif ake fara cirewa, shi ake mayarwa a ƙarshe, saboda in sufana tana kan fozitif ta taɓa jikin mota wuta ce za ta tashi. Cire zobe da agogo tukuna. Sai wayar ishtirak, wato ta tayar da mota da batirin wata motar, mai kauri, ba siririyar da ke ɗumi a hannu ba, da gejin iskar taya, da tocila ta goshi tunda yawancinmu bayan isha'i ko bayan asuba muke samun sanyin yin aiki. Iskar taya ana aunawa tana sanyi, lambar tana manne a jikin ƙofar direba. Tunda muna kan taya, duba lambobi huɗun da ke gefenta, in ka ga 2322 to mako na 23 ne na shekarar 2022 aka yi ta. Murfin lagireto kuwa ba a buɗe shi inji na da zafi, ko da tsumma.

Mataki na bakwai: a ina, kuma yaya za ka gwada

Wurare uku ne. Manyan shaguna irin SACO, za ka samu fatura da damar mayarwa. Shagunan kayan aiki na Sina'iyya, inda makanikai da kansu ke saye, a nan za ka iya sayen soket ɗai-ɗai kuma kayan Taiwan irin King Tony da Toptul suna da kyau ga mai aikin gida. Sai Haraj Sawarik, kasuwar gwanjo a kudancin Jidda, inda in kana da ido za ka tsinci tsofaffin sufanun Japan da Jamus da suka fi sababbi da yawa. A haraj sufana da soket da guduma ba laifi, ka duba dai babu tsagewa kuma bakin bai buɗe ba. Amma sufanar auna ɗauri da jak da ƙafafun tokare sababbi nake saya, ba ka san faɗuwa nawa suka sha ba. Kayan shagon abu hamsa, wato shagon kayan arha, ka bar su ga tsumma da mazurari.

Ka tafi da noti 10 da 12 a aljihu. Ɗora soket a kai ka girgiza, in yana rawa sosai ajiye shi. Juya kan rachet da yatsu ka saurara, ya kamata ƙarar ta zo daidai ba tsalle, ka juya maɓallin gaba da baya, ka sa soket ka ji ya kama ƙas ba ya zubowa in ka kifa. Lambar girma ta zama an buga ta cikin ƙarfe, ta fenti gogewa take. Rubutun Cr-V yana nufin ƙarfe mai haɗin kurom da banadiyom, shi ake so, amma kowa na iya buga rubutu, don haka ka leƙa ciki ka ga ko kusurwoyin a fitar suke tas ko kuwa fentin azurfa ne ya cike su.

In albashi ba zai ɗauka lokaci ɗaya ba, raba shi. Watan farko doguwar sanda da soket na taya, gejin iska, wayar ishtirak, tocila, set na 3/8, sukundireba da filaya. Wata na biyu jak da ƙafafu da kayan canza mai, kuma kar ka kwanta ƙarƙashin mota kafin wannan watan. Na uku sufanar auna ɗauri da mita da sufanu. Bayan nan duk abin da za ka ƙara, aiki ne zai nema sannan ka saya.

Ajiya kuma ka raba biyu, 'yar jaka a but mai kayan taya da ishtirak da sufana 10 da filaya da fis, sauran a cikin gida. But ɗin mota a watan Yuli tanda ne, ƙarfe har ba ya taɓuwa, mita da tocila lalacewa suke. Bayan kowane aiki goge su da tsumma mai ɗan mai kafin ka rufe.

Da ɗan yayata ya haɗa na watan farko da na biyu, ban bar shi ya fara da canza mai ba. Ranar Juma'a bayan asuba muka fito da motar kan daɓe, na ce ya cire tayar gaba ya mayar. Ya sassauta notin tun tana ƙasa, ya ɗaga, ya sa ƙafa, ya girgiza, ya cire, na nuna masa kaurin fahmat ta ramin kalifa, wato ƙarfen da ke riƙe da su, ya mayar da notin biyar da yatsu, ya ɗaure su tsallake-tsallake kamar zanen tauraro, ya sauke, na ba shi aron sufanata ya ja har ta yi ƙas a 103. Kafin mu shiga shan shayi na ce ya ɗaga shimfiɗar but ya auna safaya. Gejin ko motsi bai yi ba, babu iska a ciki ko kaɗan, sai muka ɗora ta a kujerar baya ya wuce banshar da ita.